Shafin BoxRec da gardamar Robinson da Mayweather

Tun da gardama ta kaure a majalisarmu kan wanda zai yi nasara da a ce an haɗa Sugar Ray Robinson da Floyd Mayweather a ajin welta, wato ajin da nauyin ɗan dambe ba ya wuce laba 147, kimanin kilo 66 da ɗoriya, na koma ga shafin BoxRec, wanda ke adana tarihin damben zamani na ƙwararru. Na shafe makonni ina amfani da shi a waya, kuma hukuncina a kansa shi ne yana kashe bakin mai shaci-faɗi nan take, sai dai ba ya raba gardamar da ta kai ni gare shi.

Tsarin shafin ba shi da ado, kuma da Turanci yake, sannan sai mutum ya yi rajista kafin ya samu damar yin bincike yadda yake so. Da zarar an buɗe sunan ɗan dambe, sai karawarsa duka ta jeru: rana, gari, abokin karawa, sakamako, da makin alƙalai inda aka samu. Abin da ya fi burge ni shi ne 'yan alamun kore da ja da ke gefen sunan kowane abokin karawa, masu nuna yadda ya kwashe a wasanninsa na baya-bayan nan, domin da su ake gane wanda ya doke gwani da wanda ya tara nasara a kan ragwaye.

Magoya bayan Mayweather hujjarsu ɗaya ce, kuma ba ƙarama ba: karawa 50 daga 1996 zuwa 2017, ba a taɓa cinye shi ba, har da nasararsa a kan Manny Pacquiao a 2015. Amma duk wanda ya gangara shafin Robinson zai ga wata duniya daban. Ya yi karawa kusan 200 tsakanin 1940 da 1965, ya riƙe kambun welta daga 1946 zuwa 1951. Watan Fabrairun 1943 kaɗai ya isa misali. A ranar 5 ga watan, a Detroit, Jake LaMotta ya yi masa cin farko a tarihinsa na ƙwararre, alhali LaMotta ya ɗara shi nauyi da kusan laba 16. A ranar 19 ya sake hawa dandali ya yi nasara, sannan a ranar 26 ya koma ya rama a kan LaMotta. Karawa uku ke nan cikin mako uku, abin da Mayweather kan yi a kusan shekara biyu a ƙarshen zamaninsa. Da na miƙa wayar ga dattijon da ke cikinmu ya karanta ranakun da idonsa, cewa ya yi: "Malam, ai wannan ba wasa yake yi ba, kasuwa yake ci."

Inda shafin ya gaza kuwa, gazawar alƙaluma ce gaba ɗaya. Ba zai tunatar da mai karatu cewa a zamanin Robinson turmi 15 ake yi a damben kambu, yanzu kuwa 12, ko cewa a da ranar karawa ake awon nauyi, yanzu kuma ana yi tun ana jajibiri, har ɗan dambe ya ci ya sha ya ƙara nauyi kafin ya shiga fage. Wannan bambanci yana iya juya sakamako. A karawar Sugar Ray Leonard da Thomas Hearns ta 1981 a Las Vegas, Hearns ne ke gaba a takardun alƙalai uku duka, sai Leonard ya gama da shi a turmi na 14. Da dokar yau aka bi, da hannun Hearns aka ɗaga. To, da wace doka za a haɗa Robinson da Mayweather? Haka nan jadawalin gwanayen tarihi da shafin ke fitarwa lissafin kwamfuta ne bisa maki, kuma kwamfuta ba ta san yadda Mayweather ke kare haɓarsa da kafaɗa ba, balle ta auna ko hakan zai tare hagun Robinson. Ga shi kuma hotunan bidiyon Robinson na shekarunsa a welta ba su da yawa, mafi akasari na lokacin da ya hau ajin sama ne.

Ni dai Robinson na zaɓa idan turmi 15 ne, na kuma bar wa Mayweather dama mai faɗi idan 12 ne, kuma shafin bai tilasta mini ko ɗaya ba. Zan ci gaba da buɗe shi duk lokacin da wani ya ambaci shekara ko adadi da ƙarfin murya, musamman yanzu da wasu a majalisar suka fara shigo da sunan Terence Crawford, suna kafa hujja da yadda ya tsayar da Errol Spence a turmi na 9 a 2023.