Shagon jinginar gwal: kuɗi cikin minti kaɗan, sharuɗɗa kuwa sai a hankali

Idan tambayar ita ce ko suna ba da kuɗi da sauri, suna bayarwa. Shagon jinginar da na yi hulɗa da shi a nan Kano, wanda ba zan kama sunansa ba, bai ɓata mini lokaci ba. Ba su nemi mai tsaya mini ba, ba su ce in kawo takardar albashi ba. Kuɗin makarantar yara ne ya taso a lokacin da maigidan ke jiran a biya shi kuɗin wani aiki, ni kuma ba na son rabuwa da sarƙar da aka sa mini a lefe. Kafin in shanye ruwan da suka ba ni, alat ya shigo. Wurin tsaf, ga kujerun mata daban, yarinyar da ke kan kantar shagon kuma akwai fara'a. Yabon da zan yi musu ke nan, saura kuwa sai ku ji.

Daga wajen awo aka fara. Mai gwajin ya goga sarƙar a kan baƙin dutse, ya ɗiga ruwan asid, ya ɗaga kai ya ce, "Hajiya, wannan 18 ce." Na nuna masa hatimin da ke jikin maƙullin, 875, wanda duk mai sayen gwal ta san alamar karat 21 ce. Ya yi murmushi ya ce, "Ai hatimi kowa na iya bugawa." Ba ƙarya ya yi ba, akwai jabu a gari. Amma tazarar ba ƙarama ba ce: karat 18 kashi 750 ne cikin 1,000 zallar gwal, 21 kuwa kashi 875. A kan wannan ake yanke abin da za a ba ka, kuma wanda zai ci moriyar rage darajar shi ne alƙalin. Sikelin ma fuskarsa wajen mai shago take, sai da na miƙe na leƙa na ga lambar.

Rasit ɗin da aka miƙo mini "sarƙa guda 1" kawai aka rubuta. Babu nauyi, babu karat. Da wannan takarda ko sarƙar naira dubu biyu aka dawo mini da ita ba ni da bakin magana. Na ce a rubuta giram. Ya ce, "Haba Hajiya, ai amana ce tsakaninmu." Na ce, "Malam, amanar ce za mu sa a takarda." Ya rubuta da biro a gefe, ya sa hannu, fuska ba walwala.

Sai maganar kuɗi. An yarda a ba ni naira 300,000, abin da bai kai rabin ƙimar da 'yan gwal a kasuwa suka yi wa sarƙar ba. Ban yi gardama a nan ba, dole mai ba da bashi ya bar wa kansa tazara. Sun kuma nanata cewa ba sa karɓar ruwa, "kuɗin ajiya" ne kawai, kashi 10 cikin 100 duk wata. An cire na watan farko tun a kan tebur, 270,000 ce ta shigo asusuna. Ku lissafa: 30,000 sau 12 ta kama 360,000 a shekara, ta zarce uwar kuɗin. Sarƙar kuwa a ɗan ambulan aka sa ta. Da ajiya ake biya wa, da girman kaya ko darajarsa za a duba, ba yawan bashin ba. Kuma in wata ya wuce da kwana ɗaya, cikakken wata za a caje ka.

Abin da ya fi ci mini rai yana bayan rasit, da ƙananan rubutu: in wata uku ya cika ba ka fanshi kayanka ba, ya zama na shago. Ba a ce za a sayar a cire bashi a ba ka ragowar ba. Ya zama nasu, shi ke nan. Jingina ba baƙuwa ba ce a addininmu, tana cikin Suratul Baƙara aya ta 283, kuma Annabi (SAW) ya rasu sulkensa na jingine a wajen wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Amma wannan sharaɗin shi ne ainihin wanda Imam Malik ya yi bayani a Muwaɗɗa cewa bai halatta ba: a ce in ba ka kawo kuɗi ranar kaza ba, kayan ya zama na mai bashi. A garin da ko yaron makarantar allo ya san mu Malikawa ne, abin da mamaki a ga shago da ƙaton allon "Bismillah" a bango yana aiki da wannan sharaɗin.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Tun da aka bar kasuwa ta yanke darajar naira a watan Yunin 2023 farashin gwal ke hawa a kasuwanninmu, a duniya ma oza ɗaya ta haye dala 3,000 a watan Maris na 2025. Shagon da ya ba ka ƙasa da rabi ya fi samun riba in ka gaza biya. Wataƙila shi ya sa ko saƙon tes na tuni ba su taɓa turo mini ba, alhali lambata na kan takardarsu.

Ranar fansa na je da kuɗi cif, aka ce kayan "yana wajen Alhaji", in dawo gobe. Goben nan kuwa ita ce ta buɗe sabon wata a lissafinsu. Na sa yarinyar ta rubuta a kan rasit cewa na zo yau da kuɗi a hannu. Washegari wani ya so ya ƙara 30,000, na nuna masa rubutun, ya janye. Sarƙata ce aka dawo mini da ita, nauyinta bai ragu ba, wannan kam na shaida. Amma a gabana aka ce wa wata baiwar Allah awarwaronta "ya riga ya wuce", in tana so sai dai ta saya a farashin yau. Ta kira mijinta a waya tana kuka, shi ma ya ce a haɗa shi da Alhaji, aka ce Alhaji ya yi tafiya.

Akwai inda ake kai ƙara. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana sharuɗɗan zalunci a yarjejeniya, ta kuma ce a yi wa mai hulɗa bayani da harshen da zai fahimta. Hukumar ta taɓa dirar wa masu ba da bashi ta manhajar waya a Legas a 2022. Sai dai macen da ta fito da kayan lefenta a ɓoye ba ta son ko maƙwabciyarta ta ji, balle hukuma, kuma masu shagon sun san da haka.

Ba zan ce kada kowa ya je ba, wata buƙatar ba ta jira. In za ki je, ki fara kai kayanki wajen 'yan gwal biyu su auna, ki ɗauki hoton sikeli da waya, a rubuta giram da karat a rasit, sannan ki je fansa saura kwanaki wa'adi ya cika. In kuwa ba ki da tabbacin kuɗin zai zo cikin wata ɗaya, ki sayar da ɗan kunne ko zobe a kasuwa a kan cikakken farashinsa, ya fi miki arha.