Babban jami'in fasaha na rabin lokaci: ya ceto bayananmu, amma ranar da muka fi bukatarsa ba mu same shi ba

Kamfaninmu ya kai matsayin da manhajar da muke karɓar oda da ita ta fi ƙarfin matasan injiniyoyinmu, alhali kuɗin shigarmu bai kai na ɗaukar babban jami'in fasaha na dindindin ba, wanda ban da albashi mai tsoka yakan nemi a ba shi hannun jari. Saboda haka muka ƙulla yarjejeniya da wani kamfani mai haɗa ƙananan kamfanoni da ƙwararrun da suka taɓa jagorantar sashen fasaha a manyan wurare, a kan mutum ya riƙa ba mu wani ɓangare na makonsa, ana biyansa wata-wata.

Zan fara da abin da ya sa har yanzu nake ganin girman mutumin da aka turo mana. Mun yi tsammanin zai fara da maganar sababbin abubuwan da za a ƙara wa manhaja, domin jerinsu muka shirya masa. Sai ya ajiye jerin gefe, ya nemi injiniyan da ke kula da rumbun bayananmu ya ɗauko ajiyar ko-ta-kwana ta daren da ya gabata, ya zuba ta a wata sabar, wato kwamfutar da ke riƙe manhaja da bayanai, da babu komai a cikinta, a gaban idonsa. Injiniyan ya amsa da ƙwarin gwiwa, domin kowace safiya saƙo yana shigo masa cewa an kammala ajiya lafiya. Da ya buɗe fayil ɗin, sai ya yi shiru, ya buɗe na shekaranjiya, ya buɗe na makon da ya wuce, hannunsa yana rawa a kan linzamin kwamfuta. Dukkansu fanko ne. Ashe tun watanni da suka gabata an canza kalmar sirrin rumbun, ba a sanar da ƙaramar manhajar da ke yin ajiyar ba, ita kuwa ta ci gaba da ƙirƙirar fayil marar komai tana aiko da saƙon nasara. Da sabarmu ta lalace a wancan lokacin, da sunayen abokan cinikinmu, da tarihin cinikinsu, da lissafin bashin da muke bi, duk sun tafi.

Abin da ya ƙara burge ni shi ne bai tozarta yaron ba. Ya ba mu labarin abin da ya faru da GitLab, kamfanin da injiniyoyi ke ajiye aikin manhajojinsu a wurinsa, a watan Janairun 2017, lokacin da wani injiniyansu ya goge rumbun bayanai bisa kuskure, aka juya ga hanyoyin ajiya 5 da suke da su aka tarar babu wadda take aiki yadda ya kamata, har suka yi asarar bayanan kusan sa'o'i 6. Ya ce ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da ita ba, ba a ƙidaya ta a matsayin ajiya. Daga nan ya kafa mana tsarin kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, ɗaya a wani wuri dabam, tare da gwajin dawowa a kai a kai. Haka kuma ya gano cewa babban asusunmu na AWS, sashen kamfanin Amazon mai ba da hayar sabar, da adireshin shafinmu suna ƙarƙashin imel ɗin wani ɗan kwangila da muka daɗe da rabuwa da shi, ya bi lamarin cikin lalama har aka mayar da su sunan kamfani, ya kuma tilasta wa kowa tabbatar da shiga ta mataki biyu, wato a ƙara wata shaida bayan kalmar sirri. A lokacin, duk wanda ya tambaye ni sai in ce ya ɗauka kawai, kada ya yi shawara da kowa.

Yanzu ba zan faɗi haka ba. Daga cikin gyare-gyarensa akwai mayar da shafinmu kan sabuwar sabar, da rage yawan masu ikon taɓa ta, wanda a ƙa'ida daidai ne. Sai dai takardar tsaron shafin, wadda ke tabbatar wa mai ziyara cewa shafin amintacce ne, irin wadda ƙungiyar Let's Encrypt ke bayarwa da wa'adinta a lokacin kwana 90 ne, ba a haɗa sabuntawarta ta kai tsaye a sabon wurin ba. Ranar da wa'adin ya cika, duk wanda ya buɗe shafinmu sai ya ci karo da gargaɗi cewa wurin ba shi da aminci, oda ta tsaya cak, waya ta yi ta ƙara. Injiniyoyinmu sun gane matsalar nan take, gyaran kuma bai fi na 'yan mintoci ba, amma mabuɗin shiga yana hannunsa shi kaɗai, ranar kuwa ba tamu ba ce a jadawalinsa. Mun kira, mun tura saƙo, ba amsa sai bayan tashi daga aiki, domin yana taron yini guda da wani kamfanin da yake yi wa irin wannan aiki.

Shi ya ba da haƙuri, ya amsa laifinsa ba tare da kwana-kwana ba. Waɗanda suka ɓata mini rai su ne kamfanin da ya haɗa mu. Lokacin da suke neman mu sa hannu, cewa suka yi mutumin zai zama tamkar ɗan gida. Da na kai kuka, sai suka nuna mini sakin layi a yarjejeniya da ya ba shi damar amsa saƙo cikin ranar aiki guda, ba su ko tambayi asarar da muka yi ba. Wannan ya tuna mini da wasu abubuwan da na riƙa haɗiyewa: tambayoyin injiniyoyi da ke taruwa har sai ranar zuwansa, da kyakkyawan tsarin shekara da ya rubuta wanda babu mai tsayawa a kansa kullum ya ga an aiwatar, da ɗaukar sabon ma'aikaci da ya ja lokaci saboda sai yana nan ake yin ganawa.

Wa'adin yarjejeniyarmu ya kusa ƙarewa, kuma ina son a ci gaba da shi, amma da sharuɗɗa: a rubuta lokacin amsa kiran gaggawa ko da ba ranarmu ba ce, kowane mabuɗi ya kasance a hannun mutum biyu, sannan ya horar da ɗaya daga cikin injiniyoyinmu ya riƙa yanke ƙananan hukunce-hukunce idan ba ya nan. Shi ya amince da duka. Kamfanin nasu ya ce sharaɗin farko sai da ƙarin kuɗi, kuma har yanzu ban sa hannu ba.