Wahalar bahago wajen neman bindigar gasa: sharhina kan Steyr LP10 ta hannu

Bindigar da zan yi magana a kanta ba ta harsashi ba ce, ba kuma ta tsaron gida ba ce. Ƙaramar bindiga ce mai aiki da matsattsiyar iska, wadda ake gasar harbin mita 10 da ita. Da yawa daga cikinmu sun fara sanin wannan wasa ne a gasar Olamfik ta Faris a 2024, lokacin da hoton Yusuf Dikeç na Turkiyya ya karaɗe wayoyi, yana harbi hannu ɗaya a aljihu, har ya ci lambar azurfa shi da abokiyar harbinsa Şevval İlayda Tarhan. Ni ina yin wasan a wani ƙaramin kulob kusa da Hanoba, a nan Jamus inda nake aiki, kuma sai bayan dogon nema na mallaki tawa: Steyr LP10 ta hannu, wato wadda wani ya taɓa amfani da ita, mai mariƙin hagu. Na gamsu da ita ƙwarai. Amma hanyar da na bi kafin ta zo hannuna ta ba ni wahalar da ba na so wani ya sha, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ni bahago ne. Kamar yawancin bahagwan da suka tashi a gida, da dama nake cin abinci, da ita nake rubutu, don haka aka horar da mu. Sai dai idan aka zo wajen saiti, hannun hagu ya fi mini natsuwa, idon hagu kuma shi ke jagora. A kulob ɗinmu akwai bindigogin aro, kuma duk na dama ne in ban da wata tsohuwa mai mariƙin da kowane hannu zai iya kamawa, wanda ma'anarsa bai zauna wa kowa daidai ba.

Wanda bai san wasan ba zai ce mariƙi ai mariƙi ne. Ba haka ba ne. A tsaye ake harbin, da hannu ɗaya a miƙe, babu jingina da komai. Tsakiyar allon da ke ba da maki goma faɗinta milimita 11.5 ne kacal. A gasa, harbi 60 ake yi cikin minti 75 idan allon na lantarki ne. Doka ta ce kada bindigar ta wuce giram 1,500, kunamarta kuma kada ta tashi da abin da ya gaza nauyin giram 500. To a wannan hali, mariƙin itace ne da aka sassaƙa shi da siffar tafin hannu, da gurbin babban yatsa, da wata 'yar matashi a ƙasa da ke tallafe gefen hannu. Kamar takalmi yake: na ƙafar dama ba ya shiga ta hagu, ko da lambar taka ce.

Masu ƙera irin waɗannan bindigogi ba su da yawa. Akwai Steyr a Ostiriya, Morini a Suwizalan, Pardini a Italiya, sai Walther da Feinwerkbau a Jamus. Sabuwa daga cikin manyan samfuransu, a lokacin da nake nema, kuɗinta na kewayen Yuro 2,000 ne, wata ta ɗara. Mai iyali a nan da kuma masu jiran saƙo a gida ba zai ɗauki wannan kuɗi ya zuba a wasa ba tare da ya yi tunani ba. Don haka na nufi kasuwar na hannu, na kuma sa raina a kan LP10, saboda na taɓa harba ta wani ɗan kulob na ji yadda take. Kamfanin ya fitar da magajiyarta, Evo 10, shi ya sa na ɗauka tsohuwar za ta yi sauƙi.

Ba ta yi ba. Dalili na farko, kayan ba sa mutuwa. Wanda ya sayi ɗaya yakan riƙe ta shekaru da dama. Na biyu, mai kyau ba ta ma kaiwa intanet. Da zarar wani dattijo ya ce hannunsa ya fara rawa zai ajiye, kafin ya rufe baki wani a kulob ɗinsu ya taya. Abin da ke fitowa a shafukan gwanjo ragowa ne, kuma a cikin ragowar ta bahago sai an daɗe ba a ga ko ɗaya ba. Idan ta fito, duk bahagwan ƙasar suna kanta, sai ka ga a mintunan ƙarshe na gwanjo kuɗin yana tsalle har ya kusa kamo na sabuwa.

Abokai suka ce in sayi ta dama in canja mariƙi. Shawara ce mai kyau a baki, amma a nan ne na fahimci cewa kuɗin da aka rubuta a talla ba shi ne kuɗin bindiga ba. Ga lissafin wata da na kusa saye. An sa mata Yuro 1,150. Sabon mariƙin hagu zai ci kusan 250. Sai tukunyar iska, wannan doguwar kwalbar ƙarfe da ke ƙarƙashin bututu, wadda ake cika wa iska har ma'aunin matsi ya kai 200. Kowace tukunya akwai ranar da aka ƙera ta a jikinta, kuma idan ta shekara 10 ba za a bari ka shiga gasa da ita ba, ko da fes take kamar yau aka yi ta. Ta wannan bindigar wa'adinta ya wuce, mai ita kuma ya ɗauki hotunan ta yadda ranar ba za ta fito ba. Sabuwar tukunya kusan Yuro 200 ce. Ƙara kuɗin maƙeri da zai canja robobin da ke riƙe iska. Kafin ka ankara ka haura 1,700 a kan kayan da ba ka taɓa riƙewa ba, ba garanti, ba inda za ka mayar.

Wannan ɓoye ranar tukunya shi ya fi ɓata mini rai a duk neman, domin sabon shiga ake cuta da shi, wanda bai san ya tambaya ba.

Na kuma gamu da wani da muka gama ciniki ya sallama, washegari ya rubuto cewa an yi masa tayin da ya fi nawa, in ƙara ko in haƙura. Na haƙura. Akwai wata talla mai arahar da ta wuce hankali, mai ita ya ƙi waya, ya ƙi a zo a gani, yana so a tura kuɗi gaba ɗaya ta hanyar da ba a iya dawo da su. Da na ce ya ɗauki hoton bindigar kusa da takarda mai ranar yau, sai ya ɓace. Sai wata daga wata ƙasar maƙwabta, ta bahago, farashi mai daɗi, amma babu alamar F. A dokar Jamus, duk wanda ya kai shekara 18 zai iya sayen bindigar iska ba tare da lasisi ba, muddin ƙarfinta bai wuce jul 7.5 ba (jul shi ne ma'aunin ƙarfin harbi) kuma akwai harafin F cikin zane mai kusurwa biyar a jikinta. Idan babu wannan tambari, ta koma sahun bindigogin da sai da izini. Baƙo mai zama da takarda ba ya wasa da irin wannan, don haka ko tayawa ban yi ba.

Daga ƙarshe wani dattijo a kulob ne ya haɗa ni da wani maƙerin bindiga mai ƙaramin shago a wani ƙauye. Ya rubuta sunana a littafi ya ce idan ta bahago ta shigo zai kira. Ya kuwa cika alkawari, duk da an daɗe. Wani tsohon maharbi ne ya kawo tasa ya ƙara kuɗi ya karɓi sabuwa.

Yuro 1,290 ya ce. Na taya, ya ce albarka, ko sisi bai rage ba. Da farko abin ya sosa mini rai, domin mu mun saba a ɗan sassauta ko don a ji daɗin ciniki. Amma ga abin da ya yi kafin in ciro kuɗi. Shi da kansa ya juyo tukwanen biyu ya nuna mini ranakunsu: ɗaya ta 2017, wato a 2027 za ta tashi aiki, ɗayar kuma ta 2022. Ya nuna tsofaffin robobin da ya cire. Ya rataya ma'aunin giram 500 a kunama a gabana, ta ɗauke shi ba ta tashi ba. Ya ɗaure bindigar a maƙata ya harba 'yan dalma biyar, wato ƙananan ƙwayoyin dalmar da ake ɗura mata, suka bi kusan rami guda. Sannan ya ba ni ita ya ce in shiga ɗakin gwaji in yi ta harbi sai na gaji. A kan rasit akwai garantin shekara guda, wanda doka ta ɗora wa ɗan kasuwa ko da kayan na hannu ne, alhali mutum mai sayar da nasa na kansa yana iya cewa ba ruwansa bayan an rabu. Da na lissafa, sai na ga wannan ce mafi araha a duk waɗanda na gani, duk da lambarta ta fi ta wasu.

Shagon yana da nasa aibin. Waya sai ka kira ka sake kira. Saƙon imel ba a amsawa. Ba ya karɓar kati, sai da na koma gari neman na'urar cire kuɗi. Bai haɗa mini da akwati ba, alhali ba a yawo da ita sai a cikin abin da aka kulle, ba ɗure a ciki, don haka dole na sayi akwati da kwaɗo a wajensa a farashin da na san ya fi na kasuwa. Kuma da ba a haɗa ni da shi ba, babu yadda zan san yana da kayan, don ba ya talla.

Ita kanta bindigar, abin da ya fi burge ni shi ne shirunta a hannu. Akwai wani ɗan nauyi a cikinta da ke ja baya a daidai lokacin da dalma ke fita gaba, sai ya shanye motsin. Kana harbawa, saitin gaba yana nan inda ka bar shi, ka ga ainihin inda ka saki. Ga mai koyo wannan babban abu ne, domin tun kafin ka duba allo ka san ko tara ce ta gefen hagu ko takwas ta ƙasa. Nauyinta kusan kilo ɗaya ne, kuma tana ɗan rinjaya gaba, abin da ni yake taimaka mini wajen tsayar da hannu, amma mai ƙaramin ƙarfi zai fi jin daɗin gajeren samfurin. Kunamar ta ƙarfe ce, ba ta batir ba, tana da mataki biyu, na biyun yana karyewa tsaf ba ja ba santsi. Ana iya matsar da ita gaba ko baya daidai tsawon yatsa. Akwai kuma maɓallin da ke ba ka damar ɗana ta ka yi atisaye ba tare da iska ta fita ba, wanda da shi nake motsa hannu a gida da dare. Cika tukunya sau ɗaya yana isa ta gasa guda da harbin gwaji har a yi saura.

Mariƙin matsakaici ne, hannuna kuma dogo ne siriri, sai da maƙerin ya ɗan goge wajen babban yatsa ya cike ƙarƙashin tafi da abin cike itace. Ana iya karkata mariƙin kansa ta kusurwoyi daban-daban, kuma wannan ya ci mini lokaci kafin in samu inda saiti ke faɗowa daidai da zarar na ɗaga hannu. Wanda ya saya ya sa a ransa cewa zai yi wannan aikin.

Maki fa? Da bindigar aro ina yawo a wajen 510 cikin 600. Yanzu nakan wuce 530, ranar da hannu ya yi daɗi in ɗara. Don a gane nisan tafiyar, Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya harba 594 a 2009. Ba na cewa bindiga ce ta ba ni waɗannan maki ashirin; mariƙin da ya zauna a hannuna ne ya raba ni da kokawa da kayan aiki, hankalina ya koma kan numfashi da yatsa.

Wani ƙanena a Kano ya ga hoton ya ce, "Yaya, in za ka zo ka taho da ita mu gani." Na ce masa ba zai yiwu ba. A dokar makamai ta Najeriya ta 1959, har bindigar iska sai da lasisin 'yan sanda, don haka kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka abin da aka halatta a Jamus ya halatta a gida, balle ya jefa ta cikin jaka ya nufi filin jirgi.

Ga wanda ke zaune a nan yana nema, musamman bahago, ni dai zan ce ya fara da gaya wa dattawan kulob ɗinsa da maƙeran yankinsa abin da yake so, ya bar suna da lamba, maimakon kwana a shafukan gwanjo. Kafin a yi maganar kuɗi ya nemi hoton ranar tukunya da hoton tambarin F, ya kuma tambayi yaushe aka canja robobi. Idan da hali ya je ya riƙe ta da hannunsa. Ni da za a sake, a wajen wannan maƙerin zan sake saye, kuma na riga na ce ya ajiye mini sabuwar tukunya kafin ta 2017 ta cika wa'adinta.