Sharhi a kan sauya wayoyin birki da na giya a tsohon kekena

Kekena ya shekara goma sha ɗaya a hannuna, kuma tun lokacin da na saye shi gwanjo ne, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, mai giya 21 ta Shimano, uku a gaba, bakwai a baya. Da shi nake zuwa makarantar da nake koyarwa, da shi kuma nake kai ɗana Islamiyya da yamma. Bayan damunar bana birkin baya ya yi tauri, har sai na matse da iya ƙarfina kafin roba ta kama, idan na saki kuma hannun birkin ba ya komawa mazauninsa sai na tura shi da yatsa. Ruwa ne ya shiga bututun da wayar ke bi ya bar tsatsa, ƙurar hunturu kuma ta riga ta haɗu da tsohon giris ta daskare a ciki. Shi ya sa na yanke shawarar sauya wayoyin huɗu a lokaci guda, biyu na birki, biyu na giya, tare da bututunsu.

Na sayi saitin a wani shagon kayan keke, irin wanda ake ɗaurewa a leda ɗaya, mai shagon yana ta jaddada mini cewa na asali ne. Na kai wa wani dattijo da ya daɗe yana gyaran keke a gindin darbejiya a unguwarmu, wanda kowa ke kira Baba. Cikin awa ɗaya ya gama, kuma da na hau na ji bambancin nan take, domin da yatsu biyu kawai keke yake tsayawa. Na yi murna ƙwarai a ranar, har na gaya wa abokan aikina cewa da na san sauƙin abin haka yake da ban daɗe ina fama ba.

A rana ta tara ne abin ya faru. Na ɗauko yaron a bayan keke bayan sallar la'asar, muka shiga gangaren gadar ƙasa ta Gadon Ƙaya a Kano, sai wani mai adaidaita sahu da ke gabanmu ya taka birki ba zato ba tsammani. Na matse hannun dama, wanda shi ne na birkin baya a kekena, sai na ji wata 'yar ƙara, hannun birkin ya tafi ya manne da kan keke babu wata turjiya. Duk wanda ya saba da keke ya san abin da damƙe birkin gaba da ƙarfi a gangare yake jawowa, don haka na riƙa matsa na hagu a hankali ina jan ƙafa a kwalta har takalmina ya tsinke. Duk da haka sai da tayar gaba ta daki bayan adaidaitar, keke ya karkata, yaron ya sauka a kan gwiwarsa ya kurje. Allah ya kiyaye, motar da ke bayanmu tana da tazara. Har yanzu idan na tuna yadda ya riƙe rigata yana kiran sunan mahaifiyarsa sai gabana ya faɗi.

Da na duba, sai na tarar wayar ba tsinkewa ta yi ba. Ɗan dunƙulen ƙarfen nan da ke kan waya, wanda yake zama a cikin hannun birki, yana nan a raminsa, wayar ce ta zare daga cikinsa sumul, kamar an zare tsinke daga tsire. Washegari na tura keken har wurin Baba. Ya karɓi dunƙulen ya jujjuya shi a tafin hannunsa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Malam, wannan ba a baza bakin wayar ba kafin a zuba mata kai, shi ya sa babu abin da ya riƙe ta." Ya ɗauko wata tsohuwar wayar birki daga akwatinsa ya haɗa su gefe da gefe, sai ga tawa ta fi siranta a fili. Wayar birki ta kirki kaurinta milimita 1.5 zuwa 1.6 ne, ta giya kuma kusan 1.2, amma wadda aka sayar mini a matsayin ta birki da ƙyar ta ɗara ta giyar.

Na koma shagon da dunƙulen da wayar a hannuna. Mai shagon bai ko karɓa ya duba ba, ya ce mai gyara ne ya ɗaure ta fiye da kima, kuma kayan da ya fita daga shagonsa ba ya komawa. Ban je don kuɗina ba, na je ne don ya sauke sauran ledojin da ke rataye a bayansa, amma har na juya suna nan a wurinsu, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai, domin wani mahaifin zai saya ya ɗora ɗansa a baya.

Baba kuwa ya nuna dattako. Ya cire wayoyin birkin biyu, har da ta gaba da ba ta nuna wani aibi ba, ya aiki yaronsa ya samo masu kauri, irin waɗanda ba sa tsatsa, ya shafa musu giris kaɗan ya zura. Bayan ya ɗaure, ya matse kowane hannu da dukkan ƙarfinsa sau da yawa don ya tabbatar kan ba zai fita ba, ya sake ɗame wayar, sannan ya ƙi karɓar kuɗin aiki. Ya ce, "Da na gwada ta haka tun farko, da a nan wurin za ta zare, ba a titi ba." Na ji daɗin wannan magana, domin ba kowane mai sana'a ne yake ɗaukar rabonsa na laifi ba tare da an matsa masa ba. Birkin da ya sa mini yau wata biyu ke nan, kuma ban sami abin kushewa a cikinsa ba.

Sai dai ba zan iya rufe ido a kan aikin giyar ba, kuma a nan ne yabon da nake masa ya ragu. Tun makon farko sarƙa take tsalle tsakanin giya ta uku da ta huɗu a baya, na ɗauka sabuwar waya ce ba ta zauna ba, na yi ta murɗa ɗan notin daidaitawa babu canji. Wata safiya na tashi tsaye a kan feda zan tsallake mahaɗar titi, sarƙa ta zame, feda ta daki ƙaurina. Da na durƙusa na duba da kyau, sai na ga guntun bututun da ya lanƙwasa ya shiga giyar baya ya fi sauran kauri, bakinsa a murƙushe, babu ɗan murfin da ake sa masa. Ashe da filaya ya yanka na giyar ya lalace, sai ya cike gurbin da ragowar bututun birki, bai kuma gaya mini ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a keke irin nawa. Bututun birki ƙarfensa a naɗe yake kamar sifirin, yana ɗan matsewa idan an ja waya, na giya kuwa sirarran wayoyi ne a miƙe a jikinsa don tsawonsa kada ya canza. Giya mai ƙas-ƙas, wadda Shimano ya fito da ita a 1984, kowane dannawa ɗaya yana jan waya gwargwado ƙayyadadde, kusan milimita uku a mai bakwai, saboda haka ɗan matsewar bututu ya isa ya bar sarƙa a tsakanin haƙora biyu. Na fahimci cewa Baba ya ƙware ne a kan Raleigh da Phoenix masu birkin sandar ƙarfe, waɗanda babu waya ko ɗaya a jikinsu, amma da ya ce mini bututun ya lalace da na sayo wani a ranar. Ƙarshen wayoyin giyar ma haka ya bar su babu murfi, har suka tarwatse, ɗaya ta soke ni a yatsa, ta kuma ja zaren ƙafar wandona.

Da na nuna masa, ya amsa cewa shi ya yi, amma ya dage a kan cewa bututu duk bututu ne. A kan wannan ba mu daidaita ba. Na kai keken wurin wani matashi da ke da almakashin yankan waya na musamman, ya sa guntun da ya dace, ya toshe bakunan wayoyin, giya bakwai ɗin suka dawo suna shiga ɗaya bayan ɗaya. Zan ci gaba da kai wa Baba faci da birki, amma giya ba zan sake ba shi ba. Dunƙulen da ya zare kuwa yana nan a jakar kayan aikina, kuma duk abokin aikin da ya ce zai sayi irin wannan saitin na leda, shi nake fara ciro masa.