Malamin da ke gyara min amsoshin CFA mataki na uku

Masu shirin zana matakin ƙarshe na CFA (jarrabawar ƙwarewa a nazarin kuɗi da zuba jari) daga nan Gusau, ga ra'ayina kan wani malami da ke duba amsoshi ta intanet, wanda nake biya wata-wata.

Mataki na ɗaya da na biyu zaɓen amsa ne kawai. Na uku kuwa akwai rubutu, zama biyu a gaban kwamfuta, kowanne awa 2 da minti 12. A nan ne malamin ya ci kuɗinsa halal. Na tura masa amsa kan tsara jarin wani magidanci mai shirin ritaya, ya dawo min da ita duk jan layi, jimla biyu kacal ya bari. Ya rubuta a gefe: “Malama, dalili ɗaya aka nema, mai maki ba zai duba sauran ba.” Shi ya saba min da duba abin da tambaya ta umarta, lissafi ne ko kare matsayi, kafin in taɓa kalkuletata BA II Plus.

Tun 2025 ɗalibi ke zaɓar fanni ɗaya cikin uku. A fannin kula da dukiyar masu hali, wanda na ɗauka, gwani ne. Mai son fannin jarin kamfanonin da ba sa kasuwar hannun jari ya nemi wani.

Abin da ke damuna shi ne darasinsa na kai-tsaye yana faɗowa daidai Magariba, bidiyon kuma sai washegari yake turowa. Kuɗin ma da nauyi ga wanda ya riga ya biya rajista da dala, ga tafiya Abuja zana jarrabawar a watan Agusta. Duk da haka na sabunta na wannan watan.