CH341A da gyaran BIOS don tsohon bod ya tashi daga NVMe: sharhi bayan amfani

Madabod (babban allon kwamfuta) na zamanin cifset ɗin Intel Z77, wato na shekarar 2012, har yau yana da sauran ƙarfi. Core i5-3570K ko i7-3770 da RAM mai gigabait 16 sun ishi aikin ofis, karatu da gyaran hotuna. Inda yake gazawa shi ne wajen ajiya. Ramukan SATA ba sa wuce kusan megabait 550 a daƙiƙa, kuma idan ka sa faifan NVMe (SSD mai sauri da ba ya bi ta SATA) a ramin PCIe ta hanyar adafta, Windows 10 zai gan shi, zai rubuta a kansa, amma kwamfutar ba za ta tashi daga gare shi ba. Ramin lafiyarsa ƙalau. BIOS ne, wato manhajar da ke cikin IC a kan bod wadda ke fara tayar da kwamfuta, ba shi da direban da zai karanta faifan kafin Windows ya hau, domin sai a zamanin Z97 da X99 kamfanoni suka fara saka shi. Maganin shi ne a cusa direban cikin BIOS da hannu, kuma na'urar da na yi aikin da ita ita ce CH341A, 'yar ƙaramar marubuciyar IC da ake cusawa a USB, a kan bod ɗin ASUS P8Z77-V.

Hukuncina a taƙaice: gyaran yana aiki, na'urar kuma ta ci kuɗinta, amma samfurin baƙin allo da ya fi yawa a kasuwa yana da aibi a wutarsa, matsin kama IC a kan bod da ake haɗa shi da shi kuma ba abin dogaro ba ne.

Me ya sa ake buƙatar na'urar tun farko? Fayil ɗin BIOS na ASUS yana zuwa da sunan CAP, yana ɗauke da rawanin bait 2048 a kansa, inda sa hannun kamfani yake. Shi ya sa girmansa ya zama bait 8,390,656, alhali IC ɗin bait 8,388,608 yake ɗauka. Da zarar ka taɓa cikin fayil ɗin, sa hannun ya daina dacewa, EZ Flash, manhajar ASUS ta sabunta BIOS, zai ƙi karɓa. USB BIOS Flashback, maɓallin nan na bayan bod, shi yana karɓar fayil da aka gyara muddin an bar rawanin kuma an sa masa sunan da littafin bod ya faɗa, a filash mai tsarin FAT32. Hanya ce mai kyau, mutane da yawa da ita suka gama. Sai dai ba ta ba ka kwafin abin da ke cikin IC ɗinka, kuma bod da yawa ba su da maɓallin. CH341A tana karanta komai daga bait na farko zuwa na ƙarshe, ko da kwamfutar ta mutu murus. Wannan ne amfaninta na gaskiya, kuma dalilin da ya sa ya kamata a saye ta kafin a fara aikin, ba bayan allo ya yi baƙi ba.

Kafin ka sa mata IC, ɗauko mitar auna wuta. Cusa na'urar a USB, ɗora baƙin tsinke a ƙafa ta 4 ta gurbin da aka rubuta 25, jan tsinke a ƙafa ta 8. Za ka ga bolt 3.3, daidai ke nan. Yanzu matsa jan tsinken zuwa ƙafa ta 1, ta 5 da ta 6, layukan bayanai. A yawancin baƙaƙen allon za ka ga kusan bolt 5. Abin da ya jawo haka shi ne an ciyar da IC ɗin BIOS daga ƙaramin mai rage wuta na 3.3, amma shi kansa CH341A an ɗaura shi kai tsaye a kan bolt 5 na USB, don haka siginarsa ma a 5 take fita. Winbond W25Q64FV, irin IC ɗin da ake samu a bod ɗin wannan zamani, yana aiki ne tsakanin bolt 2.7 da 3.6, takardar bayaninsa kuma ta ce kada wutar kowace ƙafa ta ɗara wutar ciyarwa da fiye da 0.4. Gaskiya ne mutane da yawa sun yi amfani da ita a haka ba abin da ya ƙone, saboda ƙarfin wutar layukan kaɗan ne. Duk da haka ba na ba da shawarar a dogara da sa'a, musamman in za a maƙala ta a IC da ke manne da bod, inda wutar za ta iya shiga har cikin cifset. Gyaran aikin minti goma ne ga mai hannun dalma: a ɗaga ƙafa ta 28 ta IC ɗin CH341A daga kan allo, a ja siririyar waya daga ita zuwa mafitar 3.3 ta mai rage wutar, a haɗa da ƙafa ta 9. Wanda bai iya ba ya nemi sabon samfurin da ke da makunnin zaɓen wuta. Ka kuma karanta rubutun da ke kan IC ɗinka da kyau. In ka ga W25Q64FW, W25Q128FW ko wani MX25U, na bolt 1.8 ne, sai da adafta ta musamman, 3.3 ma ya yi masa yawa.

P8Z77-V ya sauƙaƙa aikin, domin IC ɗinsa mai ƙafa takwas a soket yake zaune, ba a liƙe da dalma ba. Zare wayar wuta, cire batirin CR2032, danna maɓallin kunnawa don sauran wuta ta fice. Ɗauki hoton IC ɗin kafin ka taɓa shi, don ka tuna ɓangaren da 'yar tsagar take kallo. Ɗaga shi kaɗan daga wannan gefe, kaɗan daga wancan, har ya fito a miƙe. In ka fizge shi daga gefe guda ƙafafun za su lanƙwashe, kuma ba sa jure miƙewa sau da yawa. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar tukuna don ka sauke wutar jikinka. A kan na'urar, jamfa ta kasance a 1 da 2, IC ɗin kuma a rabin gurbin da ke na jerin 25, ƙafa ta 1 a inda zanen allon ya nuna. In aka juya shi zai ɗau zafi nan take.

Matsin kuwa, shi ne mafi raunin kayan. Haƙoransa na roba suna cinyewa bayan 'yan maƙalawa, sai ya riƙa zamewa da kansa. Jar wayar ce ƙafa ta 1, tana zuwa kan ɗigon IC. A kan bod, na'urar tana ƙoƙarin ciyar da duk abin da ke layin 3.3, wutar ta faɗi, manhaja ta ce ba ta ga IC ba, ko ta karanto FF ko 00 zalla. In hakan ya nace, cire IC ɗin da iska mai zafi ya fi a yi ta gwadawa.

Manhajar da ke zuwa da na'urar ba ta da tabbas. A Windows, AsProgrammer ko NeoProgrammer sun fi. A Linux, flashrom ya ishe ka:

flashrom -p ch341a_spi -r ajiya1.bin

Karanta sau biyu, zai fi kyau sau uku, da sunaye daban, ka gwada su da sha256sum. Sai lambobin sun zo iri ɗaya sak za ka ce kana da kwafi. Megabait 8 yana ɗaukar minti ɗaya da 'yan kai, rubutawa ta fi haka daɗewa. Na'urar ba mai sauri ba ce. Buɗe kwafin a UEFITool, manhajar duba cikin fayil ɗin BIOS. Ya kamata ka ga sassan da Intel ta tsara: Descriptor, GbE, ME da BIOS. Ajiye fayil ɗin a wuri biyu.

A nan ne mutane suka fi yin kuskure. Suna sauko da BIOS daga shafin kamfani, su yanke rawanin, su gyara, su rubuta shi kan IC. Kwamfutar za ta iya tashi, amma lambar MAC ta katin sadarwa, lambar siriyal da UUID na bod ɗin duk sun tafi, domin fayil ɗin kamfani na kowa da kowa ne. Alamar da aka sani ita ce MAC ya koma 88:88:88:88:87:88. Akwai FD44Editor, wanda Nikolaj Schlej, mai UEFITool, ya rubuta don mayar da waɗannan bayanai a bod ɗin ASUS na wannan zamani, amma gara kada a kai ga buƙatarsa. Tsarin da ya dace: sabunta BIOS zuwa na ƙarshe ta hanyar kamfani, sannan ka karanto IC, sannan ka gyara kwafinka na kanka.

Direban shi ne NvmExpressDxe, wanda aka samo daga EDK2 na TianoCore, yana zuwa a fayil mai ƙarshen ffs. Ga BIOS na AMI Aptio IV, irin na wannan bod, manhajar MMTool 4.50.0.23 ne ya fi tsabtar aiki. Loda kwafin, nemo kundin da CSMCORE yake ciki, je wajen sakawa, zaɓi direban, tabbatar lambar kundin ta dace, saka, ka adana da sabon suna. In ya ce babu wuri, saka shi a matse, ko ka ɗauki NvmExpressDxe_Small. UEFITool 0.28.0 ma yana yi, a saka bayan direban DXE na ƙarshe; jerin UEFITool NE na dubawa ne kawai, ba ya gyara. Ko da wanne ka yi, buɗe tsohon da sabon gefe da gefe ka ƙirga fayilolin ciko, waɗanda aka rubuta Pad-file. In ɗaya ya ɓace ko sabo ya bayyana, kada ka rubuta, sake yi da ɗaya manhajar. Cikon nan ne ke riƙe wasu sassa a adireshin da furosesa ke nemansu, kuma gocewarsu tana iya hana bod tashi gaba ɗaya. Girman fayil dole ya tsaya a 8,388,608.

Dabarar da na fi so: sayi IC na biyu iri ɗaya, ka rubuta gyararren a kansa da -w maimakon -r a umarnin flashrom, ka bar na asali a ambulan. In wani abu ya karkace, musanya ce ta daƙiƙa talatin. Yi rubutun daga laftof mai caji, don ɗaukewar wuta a tsakiya tana barin IC rabi a goge. Da na'urar a hannu sake rubutawa kawai za a yi, amma ɓata lokaci ne.

Bayan kunnawa, kada ka firgita in ba ka ga sunan faifan a BIOS ba. Wani lokaci yana fitowa da suna PATA SS, wanda ba a tashi daga gare shi. Zare sauran faifai, haɗa filash ɗin girka Windows da manhajar Rufus a tsarin GPT da UEFI, girka, sai Windows Boot Manager ya bayyana a jerin. Kashe CSM, wato yanayin tashi na tsohon tsari a BIOS, yana buƙatar katin hoto mai GOP (direban hoto na UEFI), in babu sai ka bar CSM a kunne ka fifita UEFI. Mai kwafo tsohon Windows daga faifan MBR sai ya bi ta mbr2gpt, umarnin Windows da ke mayar da faifai zuwa GPT. Adaftar ba ta da wata dabara a cikinta, wayoyi ne kawai, don haka faifan M.2 na SATA ba zai yi aiki a kanta ba.

Saurin ya danganta da ramin. Rami na biyu na dogayen yana ɗaukar layukansa daga furosesa: da i5 ko i7 na Ivy Bridge, irin su 3570K da 3770, za ka sami PCIe 3.0, faifai mai kyau ya kai kusan megabait 3,500 a daƙiƙa, katin hoto kuma ya sauka daga layi 16 zuwa 8, abin da da wuya ka ji a jikinka. Da furosesan Sandy Bridge, wanda ya gabaci Ivy Bridge, ko i3, PCIe 2.0 ne, kusan rabin haka. Ramin ƙasa yana bi ta cifset, 2.0 ne shi ma, kuma a wasu bod yana raba layuka da ƙananan ramuka, sai an duba littafi an saita shi a x4. A aikin yau da kullum bambanci da SSD na SATA bai kai yadda lambobin ke nunawa ba. Wajen kwafe manyan fayiloli da gyaran bidiyo ne ake ganinsa sosai.

Iyakoki biyu sun rage. Kwamfutocin kamfani daga zamanin Haswell, furosesan da ya biyo bayan Ivy Bridge, zuwa sama, musamman laftof, da yawa suna da Intel Boot Guard, wanda ke iya hana tashi in aka taɓa sashen da yake karewa. Wannan aikin na bod ɗin haɗi ne. Sannan gyaran ba ya sa Windows 11 ya amince da Ivy Bridge, Microsoft kuma ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka Linux ya fi dacewa da irin wannan inji nan gaba. Wanda ba ya son taɓa IC ko kaɗan yana iya sa Clover, manhajar tayar da kwamfuta, a ƙaramin filash da direban NVMe a ciki, ya bar shi a cushe a bayan kwamfutar. Tashi zai ƙara 'yan daƙiƙu, kuma ranar da aka zare filash ɗin kwamfutar ba za ta ga Windows ba.