Gwajin Rukunin Jini ko Allurar Rigakafi: Wanne Ya Fi Kare Ƙirji?

Duk hunturu, da tari ya fara zagaye gida, sai a tambaye ni: "In je in gwada rukunin jinina, ko in yi allurar rigakafin mura?" Wai an ce cutar numfashi ba ta kama masu jinin O.

Maganar tana da tushe. A 2020 wani bincike a Italiya da Sifaniya ya nuna masu jinin A sun fi shan wahalar korona, masu O kuma abin ya zo musu da ɗan sauƙi. Amma a 2021 an duba mutum sama da 100,000 a Amurka, ba a ga wata alaƙa ba. Ni dai abin da ke damuna shi ne mai O ya saki jiki, alhali su ma sun kwanta a asibiti.

Gwajin ba tsada: a soki yatsa, a ɗiga jini, 'yan mintoci an gama, sakamakon kuma naka ne har abada. Sai dai bai ƙara wa jiki garkuwa ko kaɗan. Allurar mura mai tsanani, wato flu, tana buƙatar sabuntawa duk shekara, domin ƙwayar cutar tana sauya kama, hannu kuma kan yi tsami kwana ɗaya ko biyu, amma ita ce ke koya wa jiki yaƙi.

Mai juna biyu, da mai shirin tiyata, da mai ba da jini, gwajin ya zame musu dole. Tsofaffi, masu asma ko ciwon suga, da ma'aikatan lafiya, allurar ta fi musu amfani. Mai ciki kam duka biyun take buƙata.